Yaron Inna Bai Sha Ba Tun Asuba

Tayar kurar mai ga-ruwa tana da wani siririn kuka da duk ɗan Birni ya sani. Shi na fara ji ranar, ina tsaye a ƙofar gidanmu da jakata a kafaɗa, ana sallame sallar asuba a masallacin unguwa. Kafin kukan ya ɓace a lungu motar ta iso, muka kama hanya, gabas ta fara ja kaɗan kamar lallen da bai gama kamawa ba.

Mu huɗu ne: malamarmu likitar yara, wadda kowa ke kira Madam, da abokiyar karatuna, da direba, sai ni. Ga waɗanda suka kwana biyu ba su leƙo shafina ba, ina shekarar ƙarshe ta karatun lafiya a nan Damagaram, kuma sitaj ɗina, wato horon aiki, ya faɗo cikin wani ƙaramin bincike da Madam ke yi kan barcin jarirai. Takan ce mana ƙwaƙwalwar jariri ba ta hutawa in ya rufe ido. Magini ne da ya ja ƙyauren zaure yana aiki a ciki, abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yana jera su tubali bisa tubali. Abin da ke damunta shi ne yawancin littattafan da muke karantawa an rubuta su ne kan yaran da ke kwana a gadonsu su kaɗai, a ɗaki mai labule. Namu kuwa a bayan uwa suke barci, kusa da turmi. Ta ce mu je mu tambaya, mu rubuta.

Duwatsun bayan gari suna kwance a cikin sauran duhu kamar garken da bai tashi ba. Lokacin kaka ne. Muna wuce shingen jandarmomi muka fara gamuwa da amalanke ɗauke da dammunan gero, shanun suna tafiya da nauyin kai irin na wanda ya san an samu. A Mirya muka tsaya karyawa ƙarƙashin wata tsamiya da ta girmi kakannina. Na sayi ƙosai na dala ashirin, mai tuyar ta ƙara mini biyu don ta ce fuskata ta mai azumi ce. Iskar garin tana da ɗanshin lambu, ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da mu 'yan Zinder muke shaƙa kamar turare.

Ba mu yi nisa da Mirya ba abokiyata ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe. Direba ya dube ta a madubi.

"Madam, ga jaririyar farko. A fito da takarda a rubuta ta."

"Bar ta," in ji Madam. "Wataƙila darasin jiya ne ke neman wurin zama."

A Hamdara muka sauka daga gudro, wato kwalta, muka yi arewa, ta wajen Zermu. Daga nan hanya ta zama yashi da sawun amalanke. Gonakin gyaɗa dama da hagu, an tuge an kife ta tana shan rana, mata suna ɗago hannu daga nesa. Sau ɗaya motar ta nutse, muka fito muka tura, na gane takalmin da na zaɓa na zuwa biki ne. Wani dattijo da ke wucewa da jaki ya tsaya ya ba mu shawara mai yawa, bai sa hannu ba, amma ya yi mana addu'a, kuma motar ta fita.

Ƙauyen da muka nufa ƙarami ne, rumbunansa sun fi ɗakunansa kyau. Muka gaida mai gari, ya haɗa mu da ungozomar garin, wata tsohuwa mai saurin tafiya da ta ce duk wanda muka gani a garin in bai kai arba'in ba ita ta yanke masa cibiya. Ita ce ta riƙa shigar da mu gida-gida.

Takardar tambayoyinmu ta sha dariya. Tambaya ta uku tana cewa awa nawa yaro yake barci da rana. Matar farko da na karanta wa ta riƙe haɓa.

"Awa? Malama, shi ya gaya miki yana da agogo?"

Sai muka koyi tambaya da ma'auninsu. Daga ɗora sanwa zuwa sauke tuwo. Daga tafiya rijiya zuwa dawowa. Daga azahar zuwa lokacin da inuwar rumbu ta taɓa danga. Kuma sun sani sarai, har sun fi takardar sani. Wata ta ce nata ba ya barci sai ana daka, in turmi ya yi shiru sai ya buɗe ido ya ga ko lafiya. Na ga jarirai suna barci a bayan masu sussuka, kai yana lilo, kunci a manne da gumin uwa, na tsaya ina tunanin irin ginin da ake yi a cikin waɗannan ƙananan kawuna, da bugun zuciyar uwa a kunne ɗaya, bugun taɓarya a ɗayan. Kowane gida sai an ba mu wani abu. Fura da nonon da aka tatso da safe, dafaffiyar gyaɗa mai ɗumi a cikin faifai. Kafin rana ta take na ƙoshi har ina jin kunyar bik ɗin rubutuna da ya yi maiƙo.

Gab da azahar muka rabu don mu yi sauri. Ungozoma ta kai ni ƙofar wani gida ta ce akwai jariri ɗan wata biyu ba 'yan kwanaki, uwarsa ba ta daɗe da dawowa daga wankan jego a gidan iyayenta ba. Ta wuce da su Madam gaba.

A tsakar gidan wata tsohuwa ce zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, jaririn yana kwance gefenta a kan zane. Ita ce kakarsa ta wajen uba. Uwar tana can bakin murhu, ba za ta girme ni ba, doguwa mai sanyin motsi. Ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni ta koma.

"Inna, wajen jaririnku na zo," na ce.

"Wajen mijina? Ga shi nan, malalacin banza. Tunda aka kawo mini shi ko cefane bai taɓa tashi ya yi ba." Ta yi dariya tana gyara masa zane. "Amma fa Allah ya yi mana kyauta, 'yar nan. Ba kuka, ba fitina. Duk garin nan ana zancensa. Maƙwabta cewa suke kamar babu jariri a gidan."

Na kira uwar, ta zo ta zauna a gefen tabarma, ta ba yaron baya kaɗan. Na karanta mata tambaya ta farko: sau nawa yake farkawa ya sha nono?

"Ban sani ba."

Yaushe ya yi barcinsa mafi tsawo jiya?

"Ban lura ba. Sai dai Inna."

Yaya sunansa?

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Tsohuwar ce ta faɗa, tana murmushi. Haka muka bi tambayoyin har ƙasa, ni kuwa ina cika akwatin da aka tanada: uwa ba ta sani ba, uwa ba ta sani ba. Ba zan ɓoye muku ba, a zuciyata na yi mata hukunci. Na ce ga mata can masu 'ya'ya shida sun san numfashin kowanne, ita guda ɗaya ya gagare ta. Har na rubuta a gefen takarda da ƙaramin rubutu cewa uwar ba ta damu da yaron sosai ba.

Aka kira azahar. Tsohuwar ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki. Ina haɗa takarduna sai na ji an ɗora mini abu a cinya. Uwar ce ta ɗauko jaririn ta ajiye mini. Ta tsaya a gabana, ta bar mayafinta ya zame daga kafaɗa. Gaban rigarta a jiƙe yake sharkaf, nono ya zuba ya bushe ya sake zuba, har ya yi zobe-zobe a jikin atamfar.

"Yaron Inna bai sha ba tun asuba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a kan hanyar bayan ɗaki. "Da asubar ma sai da aka tashe shi. Ya ja sau kaɗan ya koma. Jiya ya sha da hantsi, sai bayan la'asar. Shekaranjiya haka. Kwana huɗu bai yi bayan gida ba. In ya yi kuka muryar kamar ta tsoho. Ƙafafunsa sanyi ko da rana."

Ta faɗe su a jere, ba ta nemi ko ɗaya ba, kamar mai karanta abin da ta daɗe da haddacewa. Sannan ta ja mayafinta ta koma bakin murhu.

Sai a lokacin na tuna abin da na sani tun ina yarinya. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban uwar mijinta. Mamana har yau ba ta taɓa furta sunan Yayanmu ba, sai dai ta ce wancan. Amma ni auta ce, an raine ni ana kiran sunana daga zaure har madafa, kuma shekarun lakwal, wato makarantar boko, sun koya mini cewa in an yi tambaya ana ba da amsa. Na zo da takarda na tsare 'yar mutane a gaban surukarta da tambayoyin da kunya ta hana ta amsawa, na kuma rubuta mata laifi.

Na dubi yaron. Fuskarsa a ɗan kumbure, fatarsa a bushe da ɗan rawaya-rawaya, harshensa ya leƙo tsakanin leɓɓansa. Na shafa tafin ƙafarsa, na ɗan murza. Ya motsa gira ya ci gaba da barci. Abin da Madam ta sha faɗa mana ya dawo mini: jariri ƙarami yana yawan barci, gaskiya ne, amma yunwa tana tashinsa bayan 'yan awoyi, kuma wannan farkawar tana cikin lafiyarsa. Wanda yunwa ba ta tashinsa, a duba shi. Na mayar da shi kan zanensa na fita neman Madam, ina tafiya ina tuntuɓe da takalmin bikina.

Na gaya mata komai a hanya, har da abin da na rubuta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "In mun shiga kada ki dubi uwar. Da kakar za mu yi magana."

Ta gaida tsohuwar gaisuwa mai tsawo, ta tambayi amfanin gona da gajiyar sussuka, ta ci gyaɗa. Sannan ta ɗauki yaron tana masa wasa, hannunta kuwa yana aiki, ta taɓa maɗigarsa, ta duba cibiyarsa da ta ɗan turo, ta leƙa idonsa.

"Inna, ubansa da yana kamar wannan, shi ma haka yake barci?"

Uban shi ne na huɗu a ɗakinta, don haka bakinta a sake yake.

"Wa? Wancan? Ko ƙuda ya sauka a tabarma sai ya tashi gari. Shekara biyu ban san daɗin barci ba. Duk 'ya'yana haka suke, masu baƙin ci, nono kamar za su cinye ni."

"Duka?"

"Duka bakwai."

Ta faɗa da alfahari, sai kuma hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta dubi jikanta ta daɗe.

"To shi wannan wa ya gado?"

"Shi nake so mu je Damagaram mu tambayi jininsa," in ji Madam. "Ba na son in yi miki rantsuwa a kan abin da ban auna ba. Amma akwai barcin da ba na hutu ba ne, kuma in shi ne, maganinsa yana son sauri, don kansa yanzu yake ginuwa. Ke kika raini bakwai, ke za ki fi kowa gane bambancin."

"Na ga kamar ya cika sanyi," tsohuwar ta ce a hankali. "Na ce ko haƙuri ne."

Direba ya ɗauki ungozoma suka je gona suka zo da uban yaron, ƙafafunsa fari fat da ƙasar gyaɗa. Shi ma ɗan farinsa ne, ga uwarsa a zaune. Ya saurari Madam yana kallon danga, ya ce, "Abin da Inna ta ce shi ke nan." 

Tsohuwar ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta juya wajen murhu.

"Ke, tashi ki ɗauko kayanki. Ba don ke ba, don abincin mijina da ke jikinki."

"To, Inna."

Ta tashi a hankali kamar wadda aka tilasta, ta shiga ɗaki. Ban gama naɗe tabarmar da na zauna a kai ba ta fito da ƙunshi a ka, ɗaurarre tsaf, karnen awon yaron, katinsa na asibiti, a soke a bakin ƙullin. Wannan ɗaurin ba na lokacin ba ne.

Da niyyar kwana a Hamdara muka fito, mu ƙarasa wasu ƙauyuka washegari. Madam ta ce takardu ba sa tsufa, muka juya. Tsohuwar ta zauna a gaba da jikanta a cinya, tana ba direba umarni kan hanyar da ya fi ta sani. Ta ce rabonta da Damagaram tun ana biyan mota da kuɗin da yanzu ko goro ba zai saya ba. Da muka hau gudro ta ce a rage gudu, mijinta ba ya son iska. Uwar tana bayanta, kusa da ni, fuskarta a waje tana kallon gonaki kamar ba abin da ya dame ta. Sai da motar ta yi tsalle a wani rami na ga hannunta. Ta zura shi ta tsakanin kujera da ƙofa, yatsunta biyu suna riƙe da diddigen yaron a ƙarƙashin zane. Haka ta riƙe shi har Mirya.

A can muka tsaya a inuwa, Madam ta jiƙa ƙyalle ta goga masa a tafin ƙafa da bayan wuya har ya buɗe ido ya yi wani ɗan kuka mai kaushi. Tsohuwar ta miƙa shi baya ba ta waiwaya ba, uwar ta lulluɓe da mayafi. Duk muka sami abin kallo a wani gefen. Direba ya sayo rake ya rarraba mana, muka zauna muna tsotsa, muna jin ƙaramin sautin haɗiya daga cikin mayafin.

Mun shigo gari rana tana bakin duwatsu. Aka karɓe su a asibiti, aka ɗebi jini. Ni kuwa kafin in tafi na zauna a kan benci na fito da takardar gidan, na soke rubutuna na gefe, na soke akwatunan nan duka, na rubuta abin da ta faɗa mini kalma bayan kalma. A cikin takardun ranar babu wadda ta kai tata cika.

Na isa gida bayan magariba, Mama ta ajiye mini tuwo. Ina ci na ce, "Mama, Yaya da yana jariri yana barci sosai?"

"Ke, ci abincinki."

Ta juya tana kwashe kwanuka. Sai can, kamar da tukunya take magana, ta ce, "Wancan ai sai an kifa shi a ƙirji. In ba haka ba ko rufe ido ba ya yi."

Bayan kwanaki analiz, wato sakamakon gwajin jinin, ya fito. A wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, tana fitar da wani sinadari da jiki da ƙwaƙwalwa ke bukata don su girma. Ta yaron ba ta fitar da isasshe. Shi ya sa yake ta barci, shi ya sa sanyi, kuma da an bar shi ana yabonsa, da ginin da ke cikin kansa ya tsaya a inda ba ya gyaruwa. Maganin ƙwaya ce ƙarama kullum da safe, a murƙushe a cokali da ɗan nono. Madam ta ce an so a fara tun kafin haka, kuma ba ta yi alkawarin komai ba, sai dai ta ce an zo da sauran lokaci. Da suka dawo awo na gaba na je na gan su. Tun daga baranda na ji muryarsa. Tsohuwar tana jijjiga shi tana cewa, "Kun lalata mini miji, da mutumin kirki ne, yanzu ga shi ya zama ubansa." Uwar tana gefe tana kallon bango, tana danne dariya da bakin mayafi.

Na gode wa Allah da wannan tafiya, na gode wa matan da suka ciyar da mu suka kuma gyara mana tambayoyinmu. Na fita da tunanin za mu je mu auna barci, na dawo na san cewa farkawar jariri da kukansa da ke hana uwa sakat su ma ni'ima ce. Na kuma koyi cewa in mace ta ce ba ta sani ba, in duba wa ke zaune kusa da ita kafin in rubuta. Yanzu a binciken namu, in ɗan fari ne, kaka muke fara tambaya a tsakar gida, sannan ɗayanmu ta bi uwar madafa ta taya ta hura wuta.

Sai bayan wata biyar, da ungozomar ta shigo gari ta biyo ta gaishe mu, na ji sauran labarin. Kafin zuwanmu, sau biyu uwar nan tana goya yaron ta ce za ta kai niƙa, ta yi tafiyar ƙafa har garin da ke da ɗakin shan magani. Duka biyun ta tarar da gwaggon mijinta zaune a bakin ƙofar tana sayar da ƙuli-ƙuli. Sai ta gaishe ta, ta wuce wajen injin, ta niƙa geronta ta koma gida.